Likitan Fadar Hirnant da Idanun Auta

Caer Hirnant, ƙasar Wales
Kwana huɗu bayan Idin Mika'ilu, shekara ta 1163

Zuwa ga Gwaggo Hunydd, a gidan zuhudu na mata da ke Nant Gwyn,

Gaisuwa mai yawa tare da ban girma. Ina fata kina lafiya, gwiwoyin nan kuma sun lafa kafin sanyi ya shigo. Mu nan da sauƙi. Cikin matata Lleucu ya shiga wata bakwai, ƙafafunta na kumbura amma tana cin abinci, 'yan matanmu biyu kuma sun rabu da tarin. Na ba Tegwared mai koran shanu ƙullin magani ya kawo miki, ki haɗa da man tunkiya ki riƙa shafawa da ɗumi.

Bayan gaisuwa, na san rabona da rubuto miki shekara uku ke nan, kuma ba alheri ne ya tuna mini da ke yau ba. Ki yafe mini.

Sarki Meilyr ya rasu mako uku da suka wuce, a hannuna. Kin san dokar ƙasa: auta ne ke raba gado, babba ya fara zaɓa, gidan uba kuma ya zama na auta. Seisyll, babban ɗan sarki, ya ce ya yarda. Ya sa aka yanka shanu, aka kira manyan ƙasa domin a yi rabo a gaban kowa. Ithel, autan, ya zo da mutum shida kawai, ba sulke. Mawaƙin fada yana cikin jero sarakunan Hirnant, ya kai kan kakansu Cadifor, sai na ga an sa wa ƙofar zaure sakata. Ithel yana riƙe da ƙoƙon giyar zuma aka kama hannuwansa. Har dariya ya yi, ya ce, "Yaya, wane irin wasa ne wannan?" Seisyll bai ko ɗaga kai daga akushinsa ba.

Yanzu Ithel yana kulle a benen arewa. Ɗan da kika shayar, Gwaggo, wanda muka kwana tabarma ɗaya da shi a gidanki shekara takwas.

Jiya Seisyll ya kira ni wurin karnukansa. Yana jefa musu ƙashi ya ce, "Heilyn, ƙarafunka na aiki suna nan lafiya?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, wa ke ciwo?"

Ya ce, "Kowa lafiya lau. Ni ba na son jinin ƙanena a wuyana, ba kashe shi zan yi ba. Makaho ba ya sarauta, magana ta ƙare. Ya ci, ya sha, ya yi ibadarsa. Kai ne likitan fada, hannunka ya fi sauƙi. In ka ƙi, Gwion maƙeri yana nan." Sai ya juyo ya dube ni. "Yaya mai ciki? Ta riƙa zama cikin ganuwa, waje ba lafiya."

Tun daga lokacin akwai mai mashi a ƙofar gidana. Lleucu ta tambaye ni dalili, na ce mata karramawa ce.

Na ce wa Seisyll rauni ba ya warkewa a irin wannan damshi, ya ba ni zuwa bayan Idin Dukan Tsarkaka, wata guda nan gaba. Ƙarya na yi, kuma ina jin ya sani. Ke da mahaifina 'ya'yan wa da ƙane ne, ba ni da wani babba sai ke. Kin san Uba Ednowain, shugaban gidan zuhudu na maza, wanda ya yi wa Seisyll baftisma. Ki faɗa mini abin da zan yi.

Ɗanki,
Heilyn ɗan Cynwrig

Nant Gwyn
Kwana goma sha biyu bayan Idin Mika'ilu

Zuwa ga ɗana Heilyn,

Na amsa gaisuwarka. Gwiwa tana nan yadda ka san ta, maganinka kuma wari gare shi, 'yan'uwa mata sun ce in riƙa zama a bayan sahu. Ka gaida Lleucu, ta rage gishiri, ta riƙa ɗora ƙafa a kan kujera. Shekara uku ba ko layi ɗaya, amma ba yau za mu yi wannan faɗan ba.

Na karanta takardarka a tsaye, na ƙarasa ta a zaune a ƙasa.

Bari in gaya maka abin da mawaƙin fada ba ya sawa a waƙarsa. Yana cewa Meilyr ɗan Cadifor, Cadifor ɗan Bleddyn, kamar kowa ya miƙa wa ɗansa sanda cikin lumana. Cadifor yana da ƙane, Griffri. Ina da shekara tara lokacin da aka fitar da shi tsakar gida da rana tsaka don a makantar da shi. Maƙeri ne ya yi aikin, ya sha giya tukuna don ya samu ƙarfin zuciya. Uwata ta toshe mini kunnuwa da hannuwanta, amma na ji. Ƙarfen ya shige fiye da kima. Griffri ya yi kwana uku yana kiran sunan dokinsa kafin ya cika. Shi ma Bleddyn, a kan ɗan'uwansa ya taka ya hau, ya jefa shi rami ya manta da shi. Meilyr kaɗai ya tsira da hannu mai tsabta, don ba shi da ɗan'uwa namiji. Wannan shi ne tarihin gidan da kake wa aiki.

Saboda haka tunanin da ya fara zo mini shi ne: in dai ba makawa sai an yi, gara hannunka da na Gwion. Kai ka san inda ƙarfe zai tsaya, ka san ganyen da ke sa barci, aƙalla Ithel zai rayu.

Wuni guda na yi da wannan tunani, sannan na ji kunyar kaina. A'a, Heilyn. Ba hannunka, ba hannun kowa. Kada ka ce wa Seisyll to. Muddin kana ja masa rai, zai jira, domin yana tsoron Ithel ya mutu a hannun maƙeri a ce ya kashe ƙanensa. Ranar da ka amsa, ranar ka sa masa lokaci.

Na hau jaki na je wurin Uba Ednowain da kaina. Yana kwance da zazzaɓi, amma ya rantse zai taso ya iso Hirnant kafin Kirsimeti, da sandar waliyyin gidansu a hannu. Seisyll ba zai iya yin wannan abu sandar tana cikin ganuwarsa ba. Ka yi ciwon ƙarya, ka ƙone yatsanka in ta kama, ka ce ƙarafunka sun yi tsatsa. Ka riƙe shi zuwa Kirsimeti kawai.

Ka ce wa Ithel Innarsa tana nan, ya riƙa cin abin da aka ba shi.

Gwaggonka,
Hunydd

Caer Hirnant
Kwana biyu kafin Idin Dukan Tsarkaka

Zuwa ga Gwaggo Hunydd,

Ina gaisuwa, ina fata jiki da sauƙi. Lleucu ta gode, tana bin maganarki. Ni dai ga ni nan.

Takardarki ta iso jiya, amma ba duka ba. Ruwa ya ja Tegwared a mashigin kogi, da kyar shanu suka fitar da shi yana riƙe da jelar ɗaya. Jakarsa ta jiƙe. Rabin takardar na sama ya karantu, na ƙasa kuwa tawada ta narke ta zama baƙin tabo. Na shanya ta kusa da wuta, na ɗaga ta a hasken rana, ba abin da na iya tsinta sai sunan Uba Ednowain da kalmar Kirsimeti. Na fahimci kina nufin zai karɓi Ithel a gidansu kafin Kirsimeti in an gama. Allah ya saka masa.

Abin da ya fi muhimmanci dai ya tsira. Na karanta labarin Griffri, na karanta inda kika ce gara hannuna da na Gwion, aƙalla zai rayu. Na maimaita layin nan ya fi sau ashirin, ina neman wata ma'ana, ban samu ba. Na san abin da faɗin haka ya ci miki.

Na hau benen na gaya wa Ithel. Ya rame, gemu ya cika masa fuska, amma bakin nan yana nan. Da ya gan ni ya ce, "Ga sarkin tsoron kwaɗi. Ka zo duba ni ne ko ka zo auna ni?"

Na miƙa masa takardar. Ya kai ta bakin taga ya karanta, ya daɗe.

Ya ce, "Inna ce ta rubuta wannan?"

Na ce, "Hannunta ne, ka san shi."

Ya ce, "To. In Inna ta ce babu hanya, babu hanya." Sai ya juya ya ci gaba da kallon tsaunuka. Mai gadi ya ce haka yake wuni yanzu, ba ya barin tagar, har abinci a can yake ci.

Na sauka na je na ce wa Seisyll na yarda. Ya dafa kafaɗata. Faransawan bakin iyaka sun ƙone ƙauyuka biyu a gabas, yana so ya fita yaƙi ba tare da ya bar kowa a bayansa ba. Ya sa rana: kwana goma sha biyar bayan Idi.

Gwaggo, hannuna na dama ya fara rawa. Shekaranjiya na kasa zura zare a allura. In ya yi rawa a ranar fa? Ki sa 'yan'uwa mata su yi mini addu'a, kada ki gaya musu ta mece ce.

Ɗanki,
Heilyn

Nant Gwyn
Kwana shida bayan Idin Dukan Tsarkaka

Heilyn,

Lafiyata lau, bar wannan. Ba haka na ce ba. Ka karanta rabin magana. A ƙasan takardar cewa na yi KADA KA YARDA. Uba Ednowain zuwa zai yi ya hana, ba karɓar makaho zai yi ba. Ka koma wurin Seisyll ka janye. Ka karya hannunka a ƙofa in babu wata dabara. Ka hau benen ka gaya wa Ithel ban sallama shi ba, ban taɓa sallama shi ba. Ya Ubangiji, yaron nan yana zaune yana tsammanin ni na ba da shi.

Tegwared zai taso da wannan yanzu, ba shanu, a kan dokin gidan nan. Kwana huɗu ne in hanya ta yi kyau.

Hunydd

Ƙari, bayan kwana takwas. Tegwared ya dawo da takardar a ƙirjinsa, yatsun ƙafarsa biyu sun yi baƙi. Dusar ƙanƙara ta rufe mashigin tsauni, doki ya nutse har ciki. Tsofaffi sun ce ba su taɓa ganin ta sauka da wuri haka ba. Gobe ne ranar. Na roƙi masu kiwon tumaki, na roƙi masu yankan itace, ba wanda zai hau. Ina ƙirga kwanaki ina sake ƙirgawa ko na yi kuskure. Zan ba Uba Ednowain wannan ya tafi da ita ta hanyar bakin teku, ko da yake ta fi tsawo sau uku. Ban san wa nake rubuta wa ba yanzu, mutumin da bai yi ba ko wanda ya riga ya yi.

Caer Hirnant
Kwana uku bayan Kirsimeti

Zuwa ga Gwaggo Hunydd,

Gaisuwa da fatan alheri. Sarki Seisyll yana lafiya, ya dawo daga gabas da nasara. Wakilin fada, Cadwgan, yana zaune kusa da ni, shi zai duba wannan takarda ya ba manzon sarki ya kawo miki, don a tabbata wannan karon ta iso a bushe.

Lleucu ta sauka lafiya, an samu namiji.

Uba Ednowain ya iso ana saura kwana biyu Kirsimeti, ya ba ni takardarki. Na karanta ta har ƙasa.

An yi aikin a ranar da aka sa, da hantsi, a ɗakin benen. Cadwgan ne shaida. Na ba Ithel abin barci gwargwadon yadda jiki zai ɗauka. Bai yi gardama ba. Abin da ya ce kawai shi ne in matsar da shi kusa da taga tukuna, na matsar. Ya yi zazzaɓi kwana tara, ya tashi. Yana raye, yana cin abinci, ya fara takawa da sanda.

Uba Ednowain ya tsaya a tsakiyar zaure da sandar waliyyi ya faɗa wa sarki maganganu masu nauyi a gaban jama'a. Sarki ya yi kuka, ya yi alkawarin gina ɗakin addu'a, ya kuma yarda a kai Ithel gidan zuhudu ya ƙare kwanakinsa. Za su taso da shi a kan amalanke bayan sabuwar shekara, su biyo ta wurinki ya huta.

Ga roƙona a matsayin likita. Ban yarda kowa ya taɓa ƙyallen da ke fuskarsa ba sai ni, kuma kada a taɓa shi a hanya. Idan ya iso, ke za ki kwance shi da hannunki. Ke kaɗai, Gwaggo, ki fitar da kowa, ki rufe ƙofa. Ki duba aikin da kyau. Ki zo da ƙaramin almakashi.

Ba ni da abin da zan ƙara.

Heilyn, likitan fadar Hirnant

Nant Gwyn
Kwana goma sha shida bayan Kirsimeti

Zuwa ga likitan fadar Hirnant,

Na ji an samu ƙaruwa. Allah ya raya, yaron ba shi da laifi.

Na san rabin laifin nawa ne, ni na rubuta layin nan, zan kai shi kabari. Amma ka rubuto mini kamar kana ba da labarin fiɗiyar rago. Ko kalma ɗaya ta baƙin ciki babu. Sannan ka ce in shiga ɗaki ni kaɗai in duba aikinka da kyau. Kana so in yaba hannunka ne, ko kana so in ga abin da na jawo ba wanda zai riƙe ni in na faɗi? Na gane, kuma zan yi. Ni na wanke idanun nan ranar da aka kawo mini shi cikin tsumma, ni zan wanke abin da ka bari.

Kada ka ƙara aiko mini da magani.

Hunydd

Nant Gwyn
Mako na biyu kafin Azumin Ista

Zuwa ga ɗana Heilyn,

Ina gaishe ka, ina gaida Lleucu da yara da sabon baƙo. Ni lafiya. Tegwared ya warke, yana ɗingishi. Ba a jaka ya ɗauko wannan ba, na ɗinke ta cikin rigarsa, kuma ba zai ba kowa ba sai kai. Da ka gama ka jefa ta wuta, ka tsaya har ta cinye. Waccan ta baya ma ka ƙone ta, ka yafe wa tsohuwa mai saurin baki. Ban tuna cewa Cadwgan yana leƙen kafaɗarka ba.

Sun iso da shi kwana goma sha ɗaya da suka wuce. Na fitar da kowa, na sa sakata. Ya zauna a bakin gado. Na jiƙa ƙyallen da ruwan ɗumi na riƙa ɓarewa a hankali. Idon hagu, ka san abin da na gani, ba sai na faɗa ba. Na dama kuwa gira ta ƙone, fata ta tattare, amma a ƙarƙashin ɓawon na ga zare, ɗinki biyar ƙanana da suka rufe fatar idon. Sai a lokacin na tuna da almakashi. Na yanke su ɗaya bayan ɗaya.

Ya ɗaga fatar idon da yatsa. Hawaye ya zubo. Ya daɗe yana ƙifce-ƙifce, sannan ya ce a hankali, "Inna, yaushe kika yi furfura haka?"

Na toshe bakina da mayafi don kada a ji ni a waje.

Ya ba ni labari. Ya ce washegarin aikin kana canza masa ƙyalle ka raɗa masa cewa da aka gama na hagu Cadwgan ya juya bango yana amai, kai kuma ka goga ƙarfen a gira kawai ka ɗinke. Ya ce in gaya maka har yanzu kai sarkin tsoron kwaɗi ne, amma ya janye sauran zagin.

Yanzu ka saurare ni da kyau, kuma wannan karon ka karanta har ƙasa.

Ba wanda ya sani sai mu uku. Yana ɗaure fuska, yana lalube da sanda, har karo yake yi da ƙofa da gangan. Amma shekarunsa ashirin da shida, Heilyn. Ranar Lahadi wata 'yar'uwa ta saki tulu, ya miƙa hannu ya cafe kafin ya kai ƙasa. Ya ce ƙarar ya ji. Ta yi dariya, amma na ga yadda ta dube shi. Jiya kuma na same shi a bayan rumbu ya ɗaga ƙyallen yana bin mahayan sarkin Gwynedd, maƙwabcinmu mai ƙarfi, da kallo a kan hanya, leɓɓansa na motsi. Ƙirga su yake yi. Ya tambaye ni kwana nawa ne daga nan zuwa fadar Gwynedd, da ko mutanen kwarin yamma har yanzu suna ƙin Seisyll.

Na durƙusa a kan gwiwoyin nan na roƙe shi. Na ce ranar da aka ji yana gani, kai za a fara kamawa, da matarka da 'ya'yanka. Ya ɗaga ni, ya ce, "Zan jira har Heilyn ya fita, Inna." Bai ce zai haƙura ba.

Saboda haka ka nemi dalili. Ka ce za ka kai jariri a sa masa albarka a wurin Uba Ednowain, ka ce ina kan gargara ina kiranka, ba ƙarya mai nisa ba ce. Kada ka ɗauki kaya, kada ka sayar da komai, ka bar ƙarafunka a rataye inda kowa zai gan su. Ka biyo ta bakin teku, Tegwared zai jira ku a mashigin kogi da doki biyu.

Ƙanƙara ta fara narkewa a kan tsauni. Ni na rene shi, na san iyakar haƙurinsa. Ba zai iya zama makaho har ƙarshen Azumi ba. Ka fito da yaran.

Gwaggonka,
Hunydd